Benen Gora Mai Ɗorewa na Wakijan

A ƙauyenmu na Watukuning, can bakin tekun kudu, babu wanda bai san Wakijan ba, kuma babu wanda ya taɓa jin ya ce ga abin da bai iya ba. Wata uku ya yi a Bali yana dakon gora a wurin ginin wani otal, daga mota zuwa fili, daga fili zuwa hannun magina. Da ya dawo sai ga shi da fensir a bayan kunne, da abin awo rataye a ƙugu, da wata kalma guda da ya tsinto a bakin masu otal ɗin, wato ɗorewa. Ko shayi ka ba shi, sai ya faɗa maka ko mai ɗorewa ne.

Ya dawo daidai lokacin da yayarsa Sarinem take cikin damuwa. Ita ta raine shi bayan rasuwar iyayensu, kuma ita ce mai rumfar gasa kifi ta farko a layin gaba, daidai inda kwale-kwale suke fitowa. Shekara ashirin da biyu tana wurin, tun mijinta yana raye. Duk kwandon kifin da ya sauka ita take fara zaɓa, duk baƙon da ya zo daga birni hayaƙinta yake fara shaƙa. Sai ga sanarwa daga dagaci, wai rumfunan kwano masu tsatsa sun ɓata fuskar bakin teku, kowa a layin gaba ya sake gini mai kyan gani kafin bikin sadakar teku, saura wata biyu da 'yan kwanaki. Ranar bikin kwamiti zai zaga. Wanda aka tarar ba shi da gini a tsaye ya koma layin baya, kusa da inda ake ajiye babura, a ba wani wurinsa.

Sarinem ta riga ta yi magana da Mbah Jumiran, wato Kaka Jumiran, tsohon da ya gina rabin ɗakunan ƙauyen. Yana da gorar da ta yi wata huɗu cikin lakar kududdufinsa, daidai ta ƙaramar rumfa mai tebur shida. Wakijan ya raka ta su gani. Tsohon ya jawo sanda ɗaya daga laka, baƙa ƙirin, wari ya tashi.

Wakijan ya toshe hanci. "Mbah, wannan gora ce ko mushe?"

"Gora ce da ƙwaro ba zai kalla ba," in ji tsohon. "Laka ta tsotse zaƙinta. A wanke, a shanya sati biyu, warin ya tafi."

Wakijan ya juya ga yayarsa, wadda yake kira Yu, wato Yaya. "Yu, tebur shida? Ke da kike gaban kowa? A Bali ɗakin mai gadi ya fi wannan. Ki bar min aikin nan. Bene zan yi miki, rufinsa kamar kifi ya buɗe baki. Baƙi su ci a sama suna kallon teku."

"Da wace gorar?" Mbah ya tambaya.

"Da tamu ta bayan tudu. Ga ta can kore shar tana zaman banza."

"Yanzu? Da damina, tana cikin fitar da 'ya'ya, ruwan jikinta zaƙi kamar rake, ga wata ya kusa cika? Ko kakanka da ba ya jin magana bai taɓa saran gora a irin wannan lokaci ba."

"Mbah, gora tana da ido ne da za ta san wata ya cika? Wannan duk zancen da ne. Yanzu da ilimi ake gini."

Sarinem ta daɗe tana kallon ƙaninta. Ta san shi ciki da waje, ita ta goya shi. Amma ba ta taɓa ganin ya ɗauki wani aiki da zafi haka ba, kuma a ranta tana so ko sau ɗaya mutane su ambaci sunansa ba tare da sun yi dariya ba. Ta ce to. Washegari Giyem, mai rumfa a layi na biyu, wadda ta yi shekaru tana hararar wurin Sarinem, ta je ta kwashe baƙar gorar Mbah gaba ɗaya.

A yini guda Wakijan ya rushe tsohuwar rumfar, wannan kam ya iya. Sarinem ta koma gasa kifi a ƙarƙashin tamfol a gefe. Shi kuma ya ɗauki ƙarti biyu suka haura tudu da rana tsaka. Ya riƙa zaɓar masu santsi da sheƙi, 'yan shekara ɗaya, yana tsallake tsofaffin masu tabo-tabo, wai ba za su yi kyau a hoto ba.

Maganar jiƙawar nan dai ta ɗan tsaya masa a rai, don haka ya fito da dabara. Idan kududdufin da ba ya ko motsi yana buƙatar wata huɗu, ai teku mai wannan ƙarfi kwana ɗaya ya ishe shi. Ya ɗaure gorar dami-dami, ya tura ta bayan duwatsu, ya ɗaure igiyar a turke. Parjo masunci, abokin wasansa tun suna yara, yana zaune yana ɗinkin raga yana kallo. Ya kira shi da Kang, yadda ake kiran wa a wurinmu.

"Kang Wakijan, tekun nan namu fa ba ya karɓar ajiya. In ka miƙa masa abu, kyauta ya ɗauka."

"Kai dai ɗinke ragarka. Lissafin ruwa ba naka ba ne."

Da safe igiya kawai ya tarar. Kwana uku masunta suna jawo gora a raga maimakon kifi, suna tsine wa wanda ya yage musu kayan aiki. Rana ta huɗu Parjo ya kawo sanda ɗaya a kafaɗa ya yada a gabansa.

"Injiniya, ga ginshiƙinka. Na tare shi ya kama hanyar Ostireliya."

"Gwaji ne," in ji Wakijan, ko a jikinsa. "Wadda ba ta da niyyar zama gara ta tafi tun yanzu."

Ya koma tudu ya sare abin da ya rage, ƙananan da ko shi da farko ya raina. Wannan karon bai kai su kusa da ruwa ba.

Aka fara gini. Ya haƙa ramuka ya binne ƙafafun ginshiƙan cikin yashi. Mbah Jumiran ya biyo ta wurin da sandarsa, ya tsaya ya ce gora ba ta son ƙafarta a ƙasa, a ɗora ta kan dutse, kuma a huda ta a soka tsinken gora mai kauri a ɗaure, kada a buga mata ƙarfe. Wakijan ya jira tsohon ya gama, sannan ya ɗauko ƙusa mai tsawon yatsa biyu ya ɗora guduma. Ƙas, gorar ta tsage daga wannan gaɓa zuwa waccan.

"Ka ji?" in ji Mbah.

"Na ji. Numfashi take yi. Gini mai ɗorewa dole ya sha iska."

Duk inda ya tsage sai ya shafe shi da fenti mai sheƙi, duk inda ƙusa ta ƙi kamawa sai ya naɗe da igiyar ɓawon kwakwa. Ranar da aka ɗaure, tam yake. Bayan sati biyu ɗanyar gorar ta fara bushewa tana ramewa, igiyoyin suka saki, ginin ya kama lilo ko akuya ce ta yi atishawa kusa da shi. Wakijan ya ce a Bali sai ka ƙara wa magini kuɗi kafin ya yi maka wannan lilon, domin shi ne maganin girgizar ƙasa.

Maganar akuya kuwa ba a banza ta zo ba. Ginshiƙan baya, inda ruwan rufi yake zuba, suka tsiro da ganye. Wakijan ya kusa yin kuka don murna. Ya bi rumfa-rumfa yana kiran mutane su zo su ga gini mai rai, wanda zai riƙa girma da kansa, nan da shekara uku ya ƙara hawa ɗaya ba tare da an kira magini ba. Mutane suka zo suka gani. Awakin ƙauyen ma suka zo. Suka cinye ganyen, suka ɗanɗana igiyar, suka ga ginshiƙan sun yi daidai da sosa baya. Wakijan ya bi su da gorar da ta rage, wani bunsuru ya rasa hanya ya haye matakala, ya leƙo da kansa ta bakin kifin rufin yana kallon jama'a.

Giyem tana tsaye a ƙofar 'yar rumfarta, wadda Mbah ya gama mata a kwana goma, gajeruwa, baƙa-baƙa, zaune daram a kan duwatsu. Ta ɗaga murya.

"Yu Sarinem, barka. Na ga har kin fara samun baƙi a sama. Me ya ce a kawo masa?"

"Ya ce a kawo masa harshenki, Giyem, a gasa da barkono."

Aka yi dariya, amma Sarinem ba ta yi ba. Ita ta san abin da take sharewa kowace safiya. Wani gari ne mai laushi, ruwan ɗorawa, a kan tebura, a kan dabe, a cikin turmin daka yajinta. Ta share da safe, kafin azahar ya dawo. Idan iska ta lafa kuma tana jin wani ƙis-ƙis-ƙis daga cikin ginshiƙan. Saura kwana tara biki ta je ta kira Mbah Jumiran.

Tsohon ya kara kunnensa a jikin ginshiƙi, ya ƙwanƙwasa da yatsa, gari ya zubo ta wasu 'yan ramuka kamar na allura.

"Ai an riga an buɗe gidan abincin nan," in ji shi. "Cike yake da masu ci, babu masaka tsinke."

"Mbah, me zan yi?"

"A sauke benen, a tokare ƙasan da kututturen kwakwa. Wataƙila ya kai ranar biki a tsaye. Bayan nan sai mu san abin yi."

Wakijan ya yi tsalle ya dire. A sauke benen? Ai benen shi ne ginin. 'Yan ƙwari ne kawai, su ma halittar Allah ne, kuma gini mai ɗorewa ba ya gaba da muhalli. Ya sayo maganin sauro ya feshe ko'ina, ya bi ramukan ɗaya bayan ɗaya yana liƙewa da kyandir, ya ƙara fenti har sau biyu. Gaskiya kuwa ginin ya yi kyau. Idan rana ta haska shi sai ya yi jawur yana walƙiya, daga kan tudu ma ana hango shi.

Sarinem ta kira shi gefe, ta kama hannunsa. "Wakijan, ba ni da komai a duniyar nan sai wurin nan. Na bar maka benenka. Abu ɗaya nake roƙo, ranar biki kada kowa ya hau. Zan ɗaure igiya a bakin matakala. Su gani daga ƙasa, su rubuta, su wuce."

"Haba, Yu."

"Ka ce ka yarda."

"Na yarda."

Kuma har ga Allah a lokacin da ya faɗa, da gaske yake.

Ranar biki bakin teku ya cika tun da hantsi. Masu kiɗa suna ta yi, masunta sun ƙawata ƙaramin jirgin sadaka da furanni da shinkafa sun tura shi cikin ruwa, motocin birni har bakin gonaki. Can sai ga kwamiti, mutum bakwai, dagaci, wanda muke kira Pak Lurah, a gaba da baƙar hularsa da tumbinsa, matarsa Bu Lurah a gefe, magatakarda a baya da littafi. Suka kalli 'yar rumfar Giyem, suka gyaɗa kai, suka wuce. Da suka iso gaban benen sai dagaci ya ja ya tsaya, ya ɗaga kai har hularsa ta kusa faɗuwa.

"To, wannan shi ne abin da muke nufi," in ji shi. "Wa ya yi wannan aiki?"

Wakijan ya matso, ƙirji a gaba. "Ɗan abin da aka koyo ne, Pak Lurah."

"Madalla. Rubuta, wurin Yu Sarinem ya tsaya."

Magatakarda ya buɗe littafi ya cire murfin biro. Sarinem ta sauke wani numfashi da ta yi wata biyu tana riƙe da shi. Da dagaci ya ɗaga ƙafa ya wuce a wannan lokacin, da labarin nan bai kai a ba da shi ba. Amma sai idonsa ya faɗa kan igiyar.

"Sama fa? Ana hawa?"

"Fentin bai bushe ba, Pak Lurah," in ji Sarinem da sauri.

Daga cikin taro Parjo ya ce, "Na ado ne, Pak Lurah. Bunsuru kaɗai yake ɗauka."

Aka fashe da dariya. Wakijan ya ji dariyar har cikin ƙashinsa. Ya kalli yayarsa, ta girgiza masa kai a hankali. Ya kalli Parjo, ya kalli Giyem da take rufe baki da gefen zaninta. Hannunsa ya riga hankalinsa isa wurin igiyar.

"Fenti ya bushe tun shekaranjiya. Mutum hamsin yake ɗauka, Pak Lurah, har da kujerunsu. Bismilla."

Suka hau, su bakwai da matar dagaci, da mai ɗaukar hoto, da wasu baƙin birni da suka ga ƙofa a buɗe. Sarinem ta shiga ƙasan ginin ta fitar da duk wanda yake zaune, wai hayaƙi zai dame su, ta jawo murhunta waje. Wakijan kuwa da kansa ya haura da faranti-faranti na gasasshen kifi da shinkafa da yaji, sannan ya karɓi lasifikar biki ya tsaya a bakin kifin, inda kowa zai gan shi.

Ya yi bayanin ɗorewa. Ya ce gora ta fi ƙarfe, ta fi siminti, ta fi haƙuri. Ya ce akwai masu binne ta a laka kamar gawa saboda tsoron wata, amma zamani ya wuce nan. Yana magana ginin yana lilo, kowane lilo gari yana sauka daga rufi. Baƙar hular dagaci ta fara komawa ruwan ɗorawa. Matarsa ta lakaci garin da ya rufe kifinta ta ɗanɗana.

"Wannan wane irin yaji ne? Ba shi da zafi."

"Garin gora ne, Bu Lurah," in ji Wakijan, bai ko cire bakinsa daga lasifika ba. "A Bali sai manyan baƙi ake barbaɗa wa."

"Ni fa ina jin ƙasan nan tana motsi," in ji magatakarda, ya riƙe tebur.

"Ita ce fasahar. Tana lanƙwasawa amma ba ta karyewa. Bari ku gani."

Ya ɗaga ƙafa ya buga sau ɗaya. Ba abin da ya faru, sai ƙarin gari. Jama'a daga ƙasa suka yi tafi. Tafin nan ne ya ƙarasa shi. Ya haɗa ƙafafu biyu ya yi tsalle.

Benen bai rushe da ƙara ba. A hankali ya yi abinsa, kamar saniya za ta kwanta. Ginshiƙan gaba suka durƙusa, ƙusoshi suka riƙa fita ɗaya bayan ɗaya, daben sama ya karkata wajen teku. Farantai suka fara tafiya, kujeru suka bi su, sannan kwamiti bisa tsarin girma, dagaci a gaba, matarsa riƙe da rigarsa, magatakarda rungume da littafi. Duk suka sulalo ta bakin kifin suka zube a jiƙaƙƙen yashi. Wakijan ne ƙarshe, har yanzu da lasifika a hannu, don haka duk bakin teku ya ji salatinsa. Kafin su miƙe igiyar ruwa ta zo ta wanke su gaba ɗaya, ta tafi da hular dagaci da kifi goma sha biyu.

"Bana kam teku ya samu sadaka," in ji Parjo. "Har da kwamiti."

Babu wanda ya karye, Allah ya rufa asiri, don haka aka yi dariya har da masu faɗuwa ƙasa. Mbah Jumiran ne kaɗai bai yi ba. Ya ɗauki guntun ginshiƙi ya matse da hannu ɗaya, ya rugurguje ya zube tsakanin yatsunsa.

Dagaci yana zaune a ruwa, shinkafa a gira, ya tambayi magatakarda ko ya riga ya rubuta. Magatakarda ya ce bai kai ga rubutawa ba.

"To gini a tsaye aka ce," in ji dagaci. "Wa ke biye a layi na biyu?"

Giyem ta riga ta matso tun kafin a tambaya.

Wakijan ya taso yana ɗigar ruwa. "Pak Lurah, ai laifin yashin ne. Idan aka ba ni sati uku..."

Sai ya lura dariyar ta mutu, kuma ba shi ake kallo ba. Sarinem ce ta shiga cikin tarkacen tana ɗaga gora ɗaya bayan ɗaya, har ta tono turmin dutsenta. Ta goge shi da gefen zani, ta ɗora a ka, ta ratsa taron ta nufi layin baya. Ba ta yi kuka ba, ba ta zagi kowa ba, kuma da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ya sunkuci murhun da zafinsa ya bi ta.

Wurin da aka ba ta yana tsakanin bangon banɗaki da jerin babura. Warin fetur ya danne na kifi, motocin birni sun tare gaba. Ta ajiye turmin ta zauna a kansa. Wakijan ya tsaya a gefenta riƙe da murhu.

Ita ce ta fara magana, a hankali, ba tare da ta dube shi ba.

"Ni ban taɓa hawa ba. Daga can sama ana ganin teku sosai?"

"Sosai, Yu," in ji shi da ƙaramar murya. "Har inda kwale-kwale suke juyowa."

"To madalla. Tunda ka iya ba da labari, sai ka riƙa zuwa kana faɗa min yadda yake. Daga nan ba a gani."